Goggo da Karan Duman Rafi

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Goggo, babbar yayar mahaifina, ta rasu a Nguru cikin daminar bana. Da hantsi ne, tana zaune a ƙofar ɗakinta da lauje a cinya. Ba ta yi jinya ba. Surukar gidan da ta kai mata kunu ita ta tarar da ita jingine da bango, rai ya yi halinsa.

A gidan rediyon da nake aiki na karanta sanarwar rasuwa ba adadi, kuma kusan kowace takarda cewa take mamacin mai haƙuri ne, mai sanyin hali. Da ta Goggo ta zo hannuna, na tarar an rubuta haka. Na tsallake layin. Da na karanta shi, da Nguru da Gashuwa sun san ƙarya nake yi.

Ban sami jana'iza ba, sai washegari na iso. A cikin gida mata na kuka, amma kukan yana yankewa, domin kowace tana da tabon da za ta nuna. Wata ta yaye ƙaurinta, wata ta nuna bayan kunne. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma wallahi ko mala'iku sai sun shirya amsa kafin su shiga wurinta." Aka yi dariya, aka yi istigifari, aka koma kuka. Mahaifina kuwa ya shafa tabon da ke goshinsa ya ce, "Ita ta goya ni, ita ta fasa mini kai. Ban san wanda zan fara tunawa ba."

A waje, kan tabarmar zaman makoki, na ga mutum biyu da ban zaci zan sake ganinsu a inuwa ɗaya ba. A wannan ƙarshen wani dattijon Arɗo, ya kwantar da sandarsa a gabansa. A wancan ƙarshen wani manomi daga ƙasar Bade mai ido ɗaya. Ba su gaisa ba, ba kuma wanda ya tashi saboda ɗayan.

Abin da ya hana gidan sakewa daban ne. Mahaifina ya ja ni gefe ya gaya mini. Kafin a yi mata salla, liman ya ce duk wanda marigayiya ta yi wa laifi ya yafe mata. Jama'a suka amsa. Ɗanta guda ɗaya, taubashina, wanda ya taso daga Gashuwa ya iso ana gab da ɗaukarta, yana tsaye a sahun gaba, bai buɗe baki ba. Liman ya dube shi ya maimaita. Ya yi shiru. Da aka ɗaga hannu ana addu'a, nasa hannun na dama, wanda ya karkace daga wuyan hannu, yana cikin aljihu. Haka aka rufe ta.

Na je na zauna kusa da shi. Wasan taubashi ne kaɗai hanyar da na sani ta shiga wurinsa.

"Bawana, ubangidanka ya iso ba ka ko tashi ba?"

"Ka koma cikin akwatinka ka yi magana," in ji shi. "A can ake jin ka."

Bai yi murmushi ba.

Goggo mai ciyawa ce. Tun da mijinta ya rasu take yankan ciyawa a bakin ruwa tana kaiwa kara, inda ake cinikin dabbobi. Masu kiwon raguna sukan bar dammunan wasu su jira nata. Ta san kowane tsiro, amma akwai wasu 'yan gida ɗaya da ta ɗauka da zafi kamar shari'a. Su ne masu yaɗo da fure mai siffar mazurari, wanda ke buɗewa da sassafe ya yanƙwane kafin azahar. 'Yan gidan dankali take ce musu, wai dankali shi ne ɗan'uwansu da ya yi arziki ya shiga gari.

Muna yara takan jera mana su a kan yashi. Ga yaryaɗi mai gashi-gashi, wanda ke hawa karan dawa da kaka, rago ya ci ya yi ƙiba. Ga furen gadu, yana kwance a kan ruwa, ganyensa dogo kamar kan mashi, karansa da rami a ciki kamar bututu. Saniya na ci, mutum ma na ci. Ga duman rafi, wasu su ce duman kada, mai bin yashin gaɓa, ganye zagayayye mai kauri, kara a cike babu rami. Furen waɗannan biyun na ƙarshe kusan launi ɗaya ne, shunayya mai haske, cikinsa ya fi duhu. Idan ka hango su da safe sun rufe gaɓa sai ka rantse abu ɗaya ne.

"Wane ne wannan?" Ba ta cewa mene ne.

In ka dubi furen ka amsa, ka sha bulala. Da igiyar duman rafin take zuba maka, don wai jikinka ya riƙe sunan tunda kanka ya ƙi. "Fure na gaya maka ka duba? Karya karan! Da rami ko babu?" In da rami, a ɗaure. In babu, a jefar nesa da dabba. Takan ce dabbar da ta ƙoshi ba ta kallon duman rafi, amma mai yunwa ba ta tambaya, kuma in ta ci sai jikinta ya kama rawa.

Tabon goshin mahaifina na ka-fi-kansila ne, wancan baƙon tsiro mai tsayawa da ƙafarsa da mutane suka ɗauka suna shinge da shi saboda ba ya mutuwa. Mahaifina ya kewaye garkarsa da shi, ya yi kyau, ya yi fure. Goggo ta zo da adda ba sallama ta fara sara. Ya riƙe mata hannu, yana magidanci mai 'ya'ya, ya ce, "Yaya, garkata ce." Ta juya ƙotar addar ta buga masa a goshi. Jini na zuba a rigarsa ta gama saran, ta tara, ta bar shi ya bushe, ta dawo ta cinna wuta. A wannan ranin awakin wani maƙwabci da suka saba cin irin wannan shingen suka fara jan ƙafafun baya. Goggo ba ta ce komai a kai ba. Ba ta kuma ba mahaifina haƙuri ba.

Ba zan ɓoye alherinta ba, ko da yake shi ma da faɗa yake zuwa. A farin shekarar alif ɗari tara da tamanin da huɗu, lokacin da rumbuna suka ƙare, takan shiga sauran ruwan da ya rage har ƙugu ta tsinko ganyen furen gadu, ta dafa, ta kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, ta ajiye ƙwarya a ƙofar gida. Duk wanda ya zo zai ci. Tana zuba maka tana zagin lalacinka, in ka yi godiya ta ce ka tashi ka ba wani wuri.

A cikin wannan farin ne abin ya faru.

Taubashina ya gaji sana'arta, ya koma Gashuwa yana kai ciyawa kasuwa. Matarsa ta haihu, ni kuma ina hutu a gida, sai na raka Goggo suna. Washegarin suna da safe labari ya shigo unguwa cewa a wani ƙauye kan hanyar Dagona makiyaya sun kama wani manomi, wai ya zuba guba a tafkin da shanunsu ke sha. An ce shanu na ta faɗuwa, an ce mutanen ƙauyen sun fito da baka da mashi.

Goggo ta ajiye kofin kununta ta tambayi mai ba da labarin, "Kumbura suke ko rawa?"

"Rawa, Goggo. Kamar masu jin sanyi."

Ta ɗauki mayafinta. Ta dubi ɗanta ta ce, "Tashi mu je." Na bi su. Motar ɗaukar kifi ce ta sauke mu a bakin hanya, muka ƙarasa da ƙafa.

Ya kamata in faɗi halin da makiyayan nan suke ciki, domin a yi musu adalci. Cutar bushiya ta riga ta share musu garke a shekarar da ta gabata. Abin da ya rage 'yan ƙalilan ne, ƙashi da fata, kuma saboda ƙasa ta ƙone sai da suka koma sayen ciyawa a kasuwa, abin da iyayensu ba su taɓa yi ba. Manomin kuma, kwanaki kafin nan, shanu sun shiga masa fadama, ya yi fushi ya ce a gaban mutane sai ya sa musu abin da ba za su sake tashi ba. Magana ce ta ɓacin rai. An riƙe ta.

Mun tarar da shi ɗaure a jikin tsamiya, hannu ta baya. An yaga rigarsa. Fuskarsa ta kumbura har ba a gane ta, idonsa na hagu ya fashe, abin da ke cikinsa ya gangaro kan kumatu, ƙudaje sun taru. Duk wanda ya gifta sai ya ƙara masa sanda a haƙarƙari. Ya daina ihu, sai wani gurnani yake yi. Can gefe samari biyu na wasa wuƙa a kan dutse. A hayin tafkin kuma mutanen ƙauye sun yi layi, ana hango kibau da galan na fetur, Bulama, wato mai garinsu, na gaba ya baza hannuwa yana tare su. Kowa ya san ba zai daɗe yana tare su ba.

Shanun na tsaye suna karkarwa tun daga kai har wutsiya. Idan ɗaya ta ɗaga ƙafa sai ta jefa ta wani wuri daban, ta tafi luu ta faɗi. An riga an yanka waɗanda suka kasa tashi.

Goggo ta ratsa tsakiyar maza kamar kasuwa. Arɗon makiyayan, dattijon nan da na gani a zaman makoki, ya san ta daga karar Nguru.

"Inna, koma. Nan ba wurin mata ba ne."

"Ba ni wuƙarka, Arɗo."

Ya ba ta. Ta durƙusa gaban wata yankakkiyar saniya, ta farke cikin, ta tsaga tumbin. Wari ya tashi, mutane suka ja baya. Ta zura hannu har gwiwa ta dinga tonowa tana bazawa a ƙasa, tana tsintar guntayen kara da ba su narke ba. Ta goge ɗaya a zaninta, ta karya, ta duba. Ta karya wani. Ta miƙe.

"Ba guba a ruwanku. Duman rafi kuka ba su. Ina ragowar ciyawar da kuka saya?"

Aka kawo dammuna. Na mutane daban-daban ne, domin a wurin masu ciyawa da yawa suke saye. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zaro kara tana karyawa. Wannan da rami. Wannan da rami. Ta zo kan wasu da aka ɗaure da kaba, ƙulli biyu, bakin kabar a soke ta ƙasa. Na san ƙullin. Duk wanda ya tashi a hannunta ya san shi. Ganyen ya bushe ya nannaɗe, ba a gane siffarsa. Ta karya kara. Babu rami.

Daga baya muka fahimci yadda aka yi. Akwai wani lungun fadama da taubashina ya saba yankan furen gadu shekara da shekaru. Da ruwa ya janye, furen gadu ya mutu, duman rafi ya gangaro daga gaɓa ya maye wurin, da furensa iri ɗaya. Shi kuma wurin ya yanka, bai dubi abin da ke wurin ba.

Arɗo ya ce, "Wa ya ɗaure wannan?"

Masu ciyawa a Gashuwa ba su ƙirguwa. Da ta ce ba ta sani ba, ba mai ƙaryata ta. Na dubi taubashina, na ga ya kafa wa ƙullin ido.

"Ɗana ne," in ji Goggo. "Ga shi nan tsaye."

Samarin nan biyu suka miƙe daga kan dutsen. Ban ga lokacin da ta fizge sandar Arɗo ba. Ta riga su isa wurinsa.

"Ka karya?"

"Inna..."

"Ka karya karan ko ba ka karya ba?"

"Ban karya ba."

Ta sauke masa sandar a kafaɗa, ya durƙusa. Ta ƙara masa a baya, a cinya, a ka. Kansa ya fashe, jini ya rufe masa fuska. Tana duka tana kewaya shi, duk inda samarin suka nufo sai su tarar da bayanta ko bakin sandar. Ba mai iya kai wuƙa ba tare da ya ture tsohuwa ba, kuma ba a ture uwa tana dukan ɗanta. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa. Ta ce, "Wannan ne ya ɗaure?" Ta taka hannun a kan saiwar tsamiya, ta ɗaga sandar da hannu biyu. Na ji ƙarar. Kamar an karya busasshen icce. Ihun da ya yi har hayin tafki an ji shi.

Ta sake ɗaga sandar. Arɗo da kansa ya riƙe ta.

"Ya isa, Inna."

"Ya ishe ka?" Ta juya ga samarin. "Ku fa? Ya ishe ku, ko in ƙara?"

Ɗaya ya mayar da wuƙarsa kube.

"To ku kwance bawan Allahn nan. Ku ƙone ciyawar nan. Ku ba shanu ruwa da dusa, ku bar su a inuwa, kada a kore su. Mafi yawa za su tashi."

Aka kwance manomin, aka ɗauke shi a kan ƙyaure zuwa hayi. Bulama ya yi ta magana har aka sauke kibau. Mafi yawan shanun sun tashi, kamar yadda ta ce. Idon manomin bai dawo ba.

Ita ta kai ɗanta wurin maɗori, ita ta danne shi aka ja ƙashin. Ɗorin bai kamu daidai ba. Ta zauna jinyarsa, ya ƙi cin abin da ta dafa, ya juya fuska bango. Da ta gaji ta koma Nguru. Tun daga ranar bai ƙara ce mata Inna ba, sai "matar nan ta Nguru." Ya bar ciyawa, ya koma tsaron shagon wani. Ita kuma ba ta taɓa aika masa da bayani ba. Na taɓa ce mata, "Goggo, ki gaya masa dalili mana." Ta ce, "Yana wurin. Me zan gaya masa?" Na lura dai tun daga shekarar ba ta sake dukan kowa ba. In yaro ya kuskure suna, sai ta karɓi karan ta karya a gabansa, ta miƙa masa, ta kau da kai.

Ranar sadakar uku, Arɗo ya sa aka kawo rago aka ɗaure a ƙofar gida. Da jama'a suka ɗan ragu ya matso kusa da taubashina.

"Ɗan Inna, ina so ka ji daga bakina. Ran nan yaranmu sun gama shawara. Da ba ta taɓa ka ba, da ba ka kwana ba."

"Na sani," in ji taubashina. "Tun ina ƙasa na sani. Ba hannun ne ya dame ni ba, Arɗo. Kun tambaya, ta faɗi sunana. Ko numfashi ba ta ja ba. Uwa ce fa."

Sai manomin nan mai ido ɗaya, wanda tun zuwansa ba a ji muryarsa ba, ya yi gyaran murya daga ƙarshen tabarma.

"Malam, da ta ja numfashin, da a cikinsa aka yanka ni." Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, don ya gan shi da idon da ya rage. "Ni ban yanki ciyawa ba, ban sayar ba. Ido na bayar a kan karan da ba ka karya ba. Ƙannena sun so su zo Gashuwa su nemo ka, na hana su, na ce uwarsa ta riga ta biya. Ka taɓa ganina a ƙofarka?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na zo ƙofarta."

Ragon ya yi kuka, yana jan igiya, domin tun safe ba a ba shi komai ba. Mahaifina ya shiga gida ya fito da dami ɗaya daga cikin na ƙarshe da Goggo ta yanka, ƙulli biyu, bakin kaba a soke ta ƙasa. Zai jefa wa ragon, taubashina ya ce, "Kawu, tsaya."

Ya tashi ya karɓi damin. Ya zaro kara. Hannun daman ba ya riƙo, sai ya kama da hagu ya sa haƙori ya karya. Ya duba. Ya zaro wani ya karya. Mahaifina ya ce, "Kai, ɗaurinta ne fa." Bai kula shi ba. Ya bi damin nan kara bayan kara, muna zaune muna kallo, har guntaye suka taru a gabansa, leɓensa ya yi kore. Sannan ya tattara ya zuba wa ragon.

"Furen gadu ne," in ji shi. "Duk da rami."

Ya dawo ya tsuguna gaban liman.

"Malam, tambayar da ka yi shekaranjiya. Ba a makara ba?"

"Ba a makara ba."

"Na yafe wa Inna hannun." Ya dubi manomin. "Sunan kuma ba abin yafewa a ciki. Ni na ɗaure."

Liman ya ce a yi fatiha. Taubashina ya zaro hannun daga aljihu. Ba ya buɗewa sosai, tafin yana kallon gefe, sai ya tallafe shi da na hagu ya ɗaga su tare.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata zafin hannunta, ya saka mata da rayukan da aka tashi da su daga gindin tsamiyar nan. Ya sanyaya makwancinta. Mu kuma, in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.